Daga Buhun Wake Zuwa Na'urar POS: Yadda Sabon Kaya Ke Shiga Hannun Jama'a

Ranar 25 ga Oktoban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira a Abuja, wato kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, irinsa na farko a Afirka. Gwamnati na bayansa, doka na bayansa, bankin da ke buga naira da kansa shi ne ubangidansa. Da aka ga jama'a sun yi biris, har rangwamen kashi 5 cikin ɗari aka yi wa direbobin Keke Napep da fasinjojinsu tayi in sun biya da shi. Duk da haka, da masanan Asusun Lamuni na Duniya, IMF, suka fitar da nazarinsu a 2023, sun ce a kowane mako fiye da kashi 98 cikin ɗari na asusun eNaira da aka buɗe ba a yin ko ciniki ɗaya da su.

A daidai waɗannan shekarun ne wani abu daban ya mamaye kowace kwana, ba tare da an yanka masa kyalle a fadar kowa ba: saurayi a ƙarƙashin lema, da benci, da 'yar na'ura a hannu. Yau dattijon da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya san mai POS na unguwarsu, ya san ubansa, ya san gidansu. Duka biyun kuɗi ne ke tafiya ta waya. Ɗaya ya karɓu, ɗaya ya kwanta. Wanda ya gane dalilin ya gane rabin ilimin shigar da sabon kaya kasuwa.

Mai ƙirƙira yakan ɗauka cewa kaya in ya yi kyau shi zai sayar da kansa. Wannan zato ya cinye jarin mutane da yawa. Tambayar da ke ran mai ƙirƙira ita ce ko kayansa ya fi na da. Tambayar mai saye daban take: in abin nan ya ƙi, nawa zan yi asara, kuma wa zan kama? Kamfanonin da suka ci kasuwanninmu cikin shekaru talatin ɗin nan, in ka duba su da kyau, yawancinsu ba su zo da wata fasahar da duniya ba ta sani ba. Abin da suka iya shi ne amsa wannan tambaya ta biyu.

Binciken da ya fara fito da wannan fili a gona aka yi shi. A 1943 wasu masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, suka wallafa abin da suka gano bayan hira da manoma 259 a ƙauyuka biyu na jihar Iowa ta Amurka, kan yadda suka karɓi ingantaccen irin masara da ya fito a 1928. Irin yana ba da ƙarin amfani kusan kashi 20 cikin ɗari, yana kuma jure fari. Aibinsa ɗaya: dole manomi ya sayi sabo kowace damina, maimakon ya ware daga girbinsa kamar yadda ya gada. A shekaru biyar na farko kusan manomi ɗaya cikin goma ne ya gwada. Daga nan abin ya ɓalle, har zuwa 1941 mutum biyu kacal suka rage. Masu binciken sun lura da abu biyu. Yawancin manoman daga bakin dillalan iri suka fara jin labarin, amma maƙwabta ne suka sa su yarda. Sannan da wuya ka sami wanda ya shuka gonarsa gaba ɗaya a karon farko. Gefe guda yake warewa ya ga kamun ludayinsa tukuna.

Everett Rogers, wanda ya tattara irin waɗannan bincike ya fitar da littafinsa a 1962, shi kansa ɗan manomin Iowa ne. Mahaifinsa ya ƙi irin nan har sai da farin 1936 ya ƙone masararsa alhali ta maƙwabcinsa na tsaye. Rogers ya kasa masu karɓar sabon abu gida biyar: 'yan ga-ni-kashe-ni da ke fara gwadawa, kashi 2.5 cikin ɗari. Masu faɗa-a-ji da ke biye da su, kashi 13.5, sai tarin jama'a gida biyu, kowanne kashi 34, sannan 'yan baya, kashi 16. Gida na biyu shi ne ƙashin bayan lamarin. Mutumin farko da ya gwada abu galibi ba a koyi da shi, don an san shi da son sabon abu, gobe ma wani zai ɗauko. Wanda ake kallo shi ne mai natsuwa, wanda ba ya jefa kuɗinsa a banza, irin alhajin da in ya sa sola a gidansa sai layin ya fara tambayar farashi.

Inda nake da ja da yadda ake koyar da wannan rabon a azuzuwan kasuwanci shi ne kallon da ake yi wa 'yan baya, kamar jahilci ko taurin kai ne ya tsayar da su. Magidancin da kuɗin cefanen yau kaɗai ke aljihunsa, in ya saya wa iyalinsa abin da ba su sani ba suka ƙi ci, sun kwana da yunwa. Manomin da gona ɗaya gare shi, in sabon iri ya ci amanarsa, shekara guda ta tafi. Jinkirin irin wannan mutum lissafi ne, kuma lissafinsa daidai ne. Mai kuɗi yana iya gwaji saboda yana iya ɗaukar asara. Saboda haka aikin kamfani ba wa'azi ba ne. Aikinsa ya rage girman asarar da gwajin farko zai iya jawowa, har ta dawo abin da talaka zai iya haɗiyewa.

Babu misalin da ya fi buhun adana wake nuna wannan. Kowa ya san halin wake: ka zuba shi a buhu da kaka, kafin wata uku ƙwari sun huda shi sun mai da shi gari. Wannan ke tilasta wa manomi sayarwa lokacin da farashi ke ƙasa, ko kuma ya barbaɗa masa magani. Barbaɗa maganin ya yi yawa har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda guba irin ta fiya-fiya da aka riƙa samu a ciki. Tun ƙarshen shekarun 1980 masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka gano maganin abin: in ka toshe wa wake iska, ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ilimin ya daɗe a ajiye. Sai a 2007, da tallafin Gidauniyar Gates, aka fito da buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, aka shiga da shi ƙasashe goma na Yammaci da Tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar.

Yadda aka shigar da shi ƙauye shi ne darasin. Malamin gona zai zo bayan girbi, ya nemi 'yan mutane su kawo wakensu na kansu. A gaban kowa za a duba ledar ko ta huje, a zuba waken, a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan a ɗaure buhun waje. Mai wake ya ɗauki kayansa ya kai ɗakinsa, ba ofishin kowa ba. Bayan wata huɗu zuwa shida sai a tara gari a kwance buhun a bainar jama'a. Mutane su tsoma hannu su damƙo, su shinshina, su ga waken fes kamar ranar da aka zuba. Ba a ce wa kowa ya yarda da Bature ko da jami'a ba. Waken maƙwabcinsa ya gani, wanda ya san ranar da aka ɗaure shi. Gani ya kori ji. Amma ko a nan an yi karo da wani cikas: manomi ya gamsu, ya nemi buhun, babu mai sayarwa kusa. Sai da aka koma aka gina hanyar dillalai daga masana'anta har kasuwar ƙauye. A inda mai sayarwa ya yi nisa, karɓuwar buhun ta ja baya, duk da kowa ya ga amfaninsa da idonsa.

Wata hanyar rage asarar gwaji ita ce a ƙanƙanta kayan. Kafin 1993 madarar gari a Najeriya kayan gwangwani ce, ta gidan ma'aikaci mai albashi. A shekarar ne kamfanin da yanzu ake kira Promasidor, wanda Robert Rose ya kafa a Zayar a 1979, ya shigo da Cowbell. Ya maye kitsen madara da na tsirrai don ta daɗe ba ta lalace ba, ya ƙulla ta a 'yar leda daidai kofin shayi ɗaya. Madarar ba ta fi ta gwangwani daɗi ba, babu ma wanda ya yi wannan da'awar. Amma ɗan makaranta zai iya saye da canjin aljihunsa, mai tireda zai iya rataye ta a igiya ba firji. Manyan kamfanonin da suka raina abin daga baya duk sun bi sahu. Gaskiyar magana, matanmu masu ƙulle-ƙullen gishiri da barkono da daddawa sun riga kowane kamfani sanin wannan dabarar. Kamfanin dai inji ya sa mata.

Indomie kuwa haƙuri ya ci da shi. Kamfanin Tolaram ya fara shigo da taliyar daga Indunusiya a 1988, lokacin da yawancin 'yan Najeriya ba su san irinta ba, har wasu na ƙyamar kamanninta. Aka yi shekaru ana dafawa ana rabawa kyauta a makarantu da kasuwanni. Yara aka nufa, domin yaro bai riga ya ƙulla aure da tuwo ba, kuma shi ne zai matsa wa uwarsa. A tsakiyar shekarun 1990 aka gina masana'anta a Ota ta jihar Ogun, daga baya aka yi a Fatakwal da Kaduna. Kamfanin ya sayi motocinsa, ya kafa nasa sashen rarraba kaya, saboda ya gane cewa a ƙasar da hanya ba ta da tabbas, wanda ya dogara da motar wani zai bar kanti wayam. A Arewa kuwa, a ganina, babban wakilin Indomie shi ne mai shayi. Shi ya haɗa ta da ƙwai da albasa da attaruhu, ya mai da ita abincin daren gwauro da ɗalibi da direba. Yau duk taliyar da ta zo a irin wannan leda, ko wane kamfani ya yi ta, Indomie ake ce mata.

Labarin waya gajere ne don kowa ya shaide shi. Da aka fara GSM a Agustan 2001, layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi magana kuɗin minti guda za a cire. Kamfanonin farko sun nuna cewa cajin daƙiƙa-daƙiƙa ba mai yiwuwa ba ne nan kusa. Glo ya zo a 2003 ya fara da shi, cikin ɗan lokaci su ma suka iya. Bayan nan kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya lura cewa mutane na yawo da waya biyu ko layi biyu, saboda kiran wani kamfani ya fi tsada kuma sabis ba shi da tabbas. Ya kawo waya mai sim biyu, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fito da fuskar baƙin mutum, ya kuma buɗe wuraren gyara na Carlcare. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Babu ɗaya cikin waɗannan da Nokia ko Samsung ba za su iya ba. Ba su zauna sun kalli aljihun mai saye ba ne kawai.

Me ke hana manya gani? Clayton Christensen na Jami'ar Harvard ya yi bayani a 1997 cewa babban kamfani ba wauta ke kayar da shi ba, biyayya ce ga manyan kwastomominsa. Ribarsa a wurinsu take, don haka duk ƙirƙirarsa ta inganta musu kaya ce. Ƙaramin mai saye kuwa ɗawainiyarsa ta fi ribarsa, sai a bar shi. Ta wannan ƙofar da aka bari a buɗe baƙo ke shigowa da kaya mai araha wanda manya ke yi wa dariya, ya yi ta gyara shi har ya hauro ya same su.

Haka ta faru da bankunanmu. Mai ajiyar dubu biyar nauyi ne a wurin banki: zai cika layi, zai ci takarda, ba zai kawo riba ba. Reshe kuma tsada gare shi, shi ya sa ƙananan hukumomi da dama a Arewa suka daɗe babu reshen banki ko ɗaya. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, amma sai da OPay ya shigo a 2018, Moniepoint da PalmPay suka biyo a 2019, abin ya kankama. Sun raba na'urori da sauƙi, sun zuba ma'aikata a unguwanni masu bin wakilai suna warware matsala, sun sa kuɗi na shiga nan take. Dubi abin ta idon mai saye. Ba a ce ya buɗe komai ba, ba a ce ya koyi komai ba. Ya miƙa kati ko ya karanto lambar asusu, ya ba da naira ɗari kan dubu biyar kamar yadda ake yi a farkon lamarin, ya karɓi kuɗinsa a hannu. In an sami tangarɗa, ga yaron nan zaune, gobe ma yana nan, in ta kama a je wurin mahaifinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Kamfanin ya ari amanar da unguwa ta riga ta ba yaron, ya ɗora na'urarsa a kai.

Shi kuwa eNaira, da farko sai mai asusun banki ne ma zai iya buɗe shi, alhali mai asusun banki ya riga ya saba tura kuɗi nan take tun da aka fara tsarin a 2011. Me sabon abin ya ƙara masa? Mai shagon da zai biya ba ya karɓa, saboda masu saye ba sa biya da shi. Masu saye ba sa biya da shi saboda mai shago ba ya karɓa. In ya maƙale, ba fuskar da za a je a tsare. Matsalar da eNaira ya zo warwarewa ta Babban Banki ce, ba ta mai kayan miya ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo da canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi ba su fito ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A tsakanin nan jama'a sun sha wuya, musamman mutanen karkara da suka riƙa karyar da amfanin gona da dabbobi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, wasu masu POS kuma suka tsawwala caji. To amma a makonnin nan ne mai nama da mai shayi da mai kayan gwari suka rubuta lambar asusu a jikin kwali suka kafe. Manhajojin bankuna da yawa sun riƙa sarewa saboda cunkoso, sai mutane suka koma inda alat ke shigowa kafin mai saye ya juya baya. In akwai ranar da eNaira zai tashi, wannan ce, kuma bai tashi ba. Tilas tana iya koro mutane daga tsohuwar hanya, amma ba ita ke zaɓa musu wadda za su bi ba.

Wani abin da masu tsara dabarun kasuwanci kan manta shi ne cewa mai saye yakan fi su sanin amfanin kayansu. M-Pesa ta Kenya, wadda Safaricom ya ƙaddamar a Maris 2007, an fara gwada ta ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Sai aka ga mutane na tura wa junansu kuɗi da ita. Kamfanin bai ce sun saɓa ƙa'ida ba, ya juya akalar gaba ɗaya zuwa aika kuɗi gida daga birni. A Najeriya irin wannan bai samu da wuri ba saboda Babban Banki ya daɗe bai bar kamfanonin waya su jagoranci harkar kuɗi ba. Sai a 2022 MTN da Airtel suka sami cikakken lasisin bankunansu na biyan kuɗi, lokacin da wasu suka riga suka kafa lema a kowace kwana. Doka ma tana cikin masu yanke wa sabon kaya hukunci.

Sai batun dacewa da abin da mutane suka yi imani da shi ko suka saba. Mutane da yawa a Arewa sun ƙaurace wa banki ba don nisa kawai ba, har da gudun riba. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa uku, Abuja da Kaduna da Kano, kuma abin da ya sayar tun farko kwanciyar rai ce kafin komai. A ɗaya gefen kuma akwai Coca-Cola, wanda a Afrilun 1985 ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan an ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 kuma akasari sun ce sabon ya fi. Amurkawa suka yi ca, cikin kwana 79 aka dawo da tsohon. An tambayi harshensu, ba a tambaye su ko sun yarda a ɗauke musu abin da suka tashi da shi ba. Duk mai shirin zuba fura ko kunun aya a kwalba ya kai kanti ya riƙe wannan: ba da ɗanɗano kaɗai yake takara ba, yana takara da matar da aka saba saye a wurinta shekara goma, wadda aka san tsaftarta kuma take ba da bashi.

Kada a ɗauka duk abin da ya karɓu alheri ne. Hanyar da buhun wake ya bi ita damfarar zuba jari ta MMM ta bi a 2016. An biya na farko, ya nuna alat ɗinsa a majalisa, maƙwabci ya gwada da kaɗan ya ga ta dawo da riba, sai ya zuba jarinsa duka. A Disambar shekarar aka rufe asusun mutane. CBEX ta maimaita wasan a 2025. 'Yan damfara sun haddace darasin Iowa fiye da yawancin masu digirin kasuwanci: gwaji mai araha, shaida daga na kusa, sakamakon da ido ke gani. Ƙulli ma yana da nasa haraji. Wanda ke sayen madara ko omo leda-leda, in aka haɗa lissafin wata, sau da yawa ya biya fiye da mai sayen babban gwangwani, ga ledojin da ke toshe magudanan ruwa kowace damina. Wato talaka na biyan kuɗin rashin iya sayen da yawa. Kamfani na kiran wannan kusantar da kaya ga jama'a, kuma da gaskiyarsa, amma ba sadaka yake yi ba.

Yanzu gwajin da ke gabanmu na makamashi ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sababbin abubuwa biyu ke neman shiga: sola, da gas ɗin mota da ake kira CNG. Sola na tafiya da ƙafarta. Mai noman rani ya ga injin ban-ruwan maƙwabcinsa na zuba ruwa tun hantsi ba a sayi lita ko ɗaya ba, ya yi lissafi da kansa. Ana iya farawa da faranti ɗaya da ƙwan fitila biyu a ƙara daga baya, kuma masu haɗawa sun yawaita a garuruwa. Babban abin da zai iya ɓata mata suna shi ne jabun batir da faranti, domin mutum ɗaya da aka cuta a layi ya isa ya hana goma.

Gas ɗin mota kuwa gwamnati ce ke turawa, kuma a takarda lissafinsa ya fi na fetur sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ba a gwada shi da kaɗan: ko ka juya injin motarka ka ɗaura tukunya a but, ko ka bari. Direba na tsoron fashewa, kuma ba a kawar da tsoro da sanarwar rediyo, sai ya ga abokin layinsa ya yi shekara yana lodi lafiya. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa tun Yunin 2020, kuma wadatar gas a Arewa ta rataya a kansa. Masu wannan shiri su fara da tashoshin mota ɗaya-ɗaya, su cika hanya guda da wuraren shan gas, su horar da bakanikan da direbobi suka riga suka yarda da su, kafin su je neman miliyoyin motoci. Muddin direban Kano zuwa Katsina bai san inda zai sake cika tukunyarsa a hanya ba, bai kuma ga kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ba, motarsa fetur za ta ci gaba da sha ko nawa lita ta kai.